Mutumin da Babanku Yake Goyawa a Moto

Tun ranar da jikan Rabi ya aiko neman auren jikata Hajara nake lura da ku. In na shigo ɗaki sai zance ya mutu, wani ya hau latsa waya, wata ta miƙe wai za ta duba tukunya. Tsufa ya cinye mini gwiwa, amma bai taɓa kunnena ba. Na ji kalmar da kuke taunawa a ƙasan murya, na ji an ce jini, na ji an ce a bincika tukuna. Kai Sani, muryarka ta fi ta kowa fitowa. To, ni ba wanda zai koya mini zargi, da shi aka haife ni, ko gishiri na saya sai na lasa kafin in yarda gishiri ne. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, zan ba ku labarin shekarar da babanku ya sake wa motonsa sirdi. In kun gama karantawa, ku yi abin da kuka ga dama.

Babanku mai sayen fata ne, kasuwa-kasuwa yake bi tsakanin Tabotaki da Garhanga da Buza. Da aka yi babban farin nan dabbobi suka yi ta faɗuwa, fata ta yi yawa har ana rasa mai ɗauka. Shi ya ɗauka. Bayan 'yan shekaru ya je Madawa ya dawo bisa babur, wanda mu nan muke ce wa moto, shuɗi, mai ƙara kamar injin niƙa. Shi ne na farko a garinmu. An zo an yi masa barka, an shafa ƙarfen, amma tun ranar na ji wata tsohuwa tana cewa da fatun matattun shanunmu aka saye shi. Ku riƙe wannan, domin mutanenmu ba sa mantuwa, ajiyewa suke yi.

Ba a taɓa yin mai ra'ayi a kan moto kamar babanku ba. A gindin gawon ƙofar gida yake zama yana yanke hukunci. Sirdi, in ji shi, dole ya zama mai tauri, domin mai zama a kan laushi barci ke kwashe shi ya faɗa gebe. Safar hannu ta masu ƙyamar gaisawa da mutane ce. Takalminsa na taya ne, da shi yake taka furen, wato birki, da shi yake zuwa masallaci. Abin da ya fi tsana kuwa hular kwano. Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tabotaki da ba ya hawa moto sai da ita, duk inda suka gamu sai babanku ya tsokane shi.

"Malam, wanga kwano da kaka kihwa ma kanka, in an yi maka sallama kana ji? In ka gamu da surukinka bisa hanya, ƙaƙa za shi san kai na?"

"In ka hwaɗi bisa dutsi hwa?" in ji malamin.

"Rawani ya ishe ni. Shi ka tare rana, shi ka tare iska, in moto ya mace in kwance shi in ɗaura in ja. Kwanonka na iya haka?"

Wannan baban naku ne, wata bazara, ya tura motonsa zuwa maƙera ya yini a can. Da ya dawo na fita na zagaya moton ina kallo. An yi wa mazaunin baya majingini na ƙarfe. An faɗaɗa matakan ƙafa na baya har sun kai faifai. Bututun hayaƙi, inda yake zafi, an rufe shi da farantin ƙarfe an naɗe da fata. Kwana kaɗan baduku ya kawo matashi na fatar rago, cike da auduga, da wata ɗamara mai faɗi irin ta raƙumi. Da farko raina ya yi fari, na zaci ni za a fara kaiwa ganin gida, don tun da aka sayi moton ban taɓa hawansa ba. Na tambaye shi duk wannan gatan na wane ne.

"Na kaya na," ya ce, bai dube ni ba.

"Yaushe hwata tas soma ciwon baya?"

Bai yi dariya ba, kuma babanku mutum ne da ko a gidan gaisuwa sai an harare shi kan dariya. Daga nan na buɗe ido. Ranar da na shiga ƙarƙashin rumbu neman kazar da ta ɓata, na tarar da buhu an cusa can ciki. Na kwance. Hular kwano ce, baƙa, mai gilashin da yake rufe fuska gaba ɗaya, da safar hannu ta fata, da takalman soja masu tsawo. Na ɗora takalmin a kan sawun babanku da ke cikin rairayi, ya fi sawun nesa ba kusa ba. Na sansana ciki, warin magani da tsumma. Na mayar na ɗaure yadda na tarar. Sai kuma furar tafiya: mutumin da dunƙule ɗaya yake isarsa ya koma cewa in ƙara, in ƙara. Ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya suka fita daga ɗakina ba su dawo ba. Duk wannan tarawa nake yi.

A nan sai in gaya muku su wa ke gidan lokacin. Akwai kakarku Inna, mahaifiyar babanku. Akwai Rabi, 'yar wan babanku, wadda ta tashi a ɗakina tun da uwarta ta rasu, ni take kira Inna kamar ni na haife ta. Ubanta ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, wan miji ne, amma takarda ba ta jin kunya: Nomau. Ya tafi Abijan neman kuɗi tun kafin fari. Da farko ana samun saƙo, daga baya shiru. Shi ne ɗan farin Inna, kuma kun san yadda matan da suke da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayarsa, babanku ya ce tun suna yara bai taɓa ganin ta taɓa shi a gaban mutane ba. In 'yan Abijan sun dawo ana zaune ana jin labari, sai ta ɗauko kaɗinta ta zauna daidai inda murya take kaiwa, ta yi kamar zaren ne ya dame ta. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce wancan na kudu. Rabi kuwa an riga an kawo kayanta, Hamidu ɗan Arzika zai aure ta in an yanke hatsi. Suna son juna, ko makaho ya shigo garin zai sani.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, sai magana ta fara shigowa gari daga bakin masu zuwa kasuwa. An ga babanku a hanyar Buza da mutum a bayansa. Mutumin ba fuska, ba hannu, ba ƙafa, ko'ina a rufe, an ɗaure shi da ɗamara a jikin babanku kamar goyo. An yi musu sallama, babanku ya ɗaga hannu bai tsaya ba, shi da yake tsayawa ko don jaki. Na bayan kuwa bai ko juyo ba. Wani ya ce Bature ne. Wani ya ce soja ne, ai ga takalman. Wani ya ce ya gan su sun tsaya a bakin gidan likita, aka ce masa ai gidan likita da ofishin jandarma duk layi ɗaya suke. Ku da kuka tashi kuna zagin gwamnati a rediyo ba za ku gane ba. Zamanin soja ne, mutum sai ya waiga kafin ya ce hatsi ya yi tsada. Kowa ya san akwai 'yan rahoto, ba wanda ya san ko su wa ne, saboda haka kowa yana iya zama.

Ana cikin haka aka kama raƙuman Arzika. Shi Arzika esansi, wato man fetur, da atamfa yake shigowa da su daga Najeriya, ta wata hanya a bayan duwatsu da ba kowa ya sani ba, kuma rabin garin yana cin abinci a jikinsa. 'Yan duwan, wato kwastan, suka tare su daidai inda hanyar ta ƙuntata, kamar an kai su an zaunar. Kafin rana ta faɗi gari ya gama haɗa lissafinsa: wa ke yawo a daji da baƙo mai rufaffiyar fuska, wa ke nuna masa hanyoyi? Washegari na je rijiya, mata suna ta surutu, ina ajiye tulu aka yi tsit. Matar Arzika ta ja guganta ta ce, ba da ni take ba, da iska take:

"Ku yi a hankali da bakinku, an zo da kunnen gwamnati."

Mahauta suka daina kawo fata. A masallaci, in ji babanku da bakinsa daga baya, sai ya tarar da fili dama da hagu, kamar mai ƙazuwa. Daga ƙarshe maigari ya aiko: ranar Juma'a bayan la'asar babanku ya zo ƙofar gidansa ya faɗi wanda yake goyawa. In ya ƙi, jama'a ta fita harkarsa, ba saye ba sayarwa, ba mai zuwa sunansa, ba mai ɗaukar gawarsa. A ƙauye wannan ya fi kora muni, ana ganinka ana wucewa. Lokacin ina da cikinka, Sani, ya riga ya fito. Na kwanta na tashi da tunanin ranar suna, rago ɗaure, tabarmi shimfiɗe, ba kowa a kai.

Na tare babanku a bakin rumbu yana zuba esansi a tanki.

"Malam, wa kaka ɗauka?"

"Na yi rantsuwa."

"Ma wa? Ma gwamnati?"

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. Ya ce, "Har ke?"

Har ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Mutum ya yi shekaru yana zagin hular kwano, sannan ka tarar da ita ɓoye a ƙarƙashin rumbunsa, ya ce maka ya yi rantsuwa, me za ka ce? Ina sonsa, kuma ina zarginsa, duka biyun a ciki ɗaya. Abin da ya hana ni yarda gaba ɗaya shi ne farantin nan na bututun hayaƙi. Na yi ta juya shi a raina. Soja mai takalmi har ƙwauri, me zai sa a kare masa ƙafa daga zafi? Mutum mai ƙarfi, me zai sa a ɗaure shi? Ɗan rahoto ba shi da hannun riƙe wanda ke gabansa?

Ranar Alhamis babanku ya tafi kasuwa. Na ɗauki kwando na ce wa Inna za ni ɗiban tafasa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta riƙe sawu, kuma moto ɗaya ne a garin. Na bi sawun taya inda ya rabu da hanyar Buza, ya ratsa gonaki, ya hau fako, ya sauka wani kwari a bayan dutse inda makiyaya suka taɓa zama suka tashi. Rana ta take sosai lokacin da na hango bukka. A bakin bukkar ga takalman soja a jere, ga hular kwano rataye a kan reshe, ga ƙwaryata da ludayina. Na yi sallama.

Muryar da ta amsa na san ta. Ta dushe, tana fita ta hanci, amma na san ta. Na durƙusa daga nesa na sunkuyar da kai, yadda matar ƙane take yi wa wan miji.

"Matso inuwa, ba ni taɓa ki," in ji shi.

"Yaya, ba ƙyama ta ba. Kunya ta."

Ya yi 'yar dariya. Sai a lokacin na saci kallo. Nomau da ya bar garin nan dogo ne, kyakkyawa, shi ake sawa gaba ranar gayya. Wanda na gani gira ta tafi, hanci ya zauna, yatsun hannu sun rage guntaye, ƙafafu naɗe da tsumma. Kuturta ce. Nan take duk abin da na yi wata da watanni ina tarawa ya zauna a wurinsa. Ƙafar da ba ta jin zafi za ta gasu a jikin bututu mai ita bai sani ba. Hannun da ba yatsu ba ya riƙe mutum. Na yi kuka, na kuma ji haushin babanku da ya bar ni ina sansanar takalmi.

Ya ba ni labari a taƙaice. Ciwon ya kama shi a can, ya ɓoye har ya kasa aiki. Ya dawo a bayan motar kaya, ya sauka Madawa, ya aika aka kira masa ƙanensa a asirce. Likita ya ce in ana shan magani ba fashi ciwon zai tsaya, sai dai a riƙa kawo shi ana duba gyambon ƙafa. Nomau da kansa ne ya sa babanku ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai gaya wa kowa ba sai an kai Rabi ɗakinta. Ya san garinsu. Ya san ranar da aka ji uban amarya kuturu ne, ranar za a zo karɓar kaya.

"Na ga ɗiyata ran nan bisa hanya, ta cikin gilashi," ya ce. "Ta ɗauko itace. Ta yi tsawo ƙwarai. Da tag gan mu taj ja da baya tana a'uzu." Sannan ya ce, "Gari lahiya? Ƙanena ya ce komi lahiya lau."

Ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Ana cewa ni na kashe auren Rabi, har cikinku akwai wanda ya taɓa jin haka. Amsar tana bakina, lafiya lau, kalma biyu, kowa yana faɗarsu ko gidansa na cin wuta. In na faɗa, Rabi ta shiga ɗakin Hamidu da kaka. In na faɗa, gobe babanku zai zauna a gaban jama'a ya yi shiru, na san shi, ko yanka shi za a yi ba zai karya rantsuwa ba, kuma sunan ɗan rahoto ba ya wankuwa ko da gaskiya ta fito daga baya, sai a ce ai shiryawa aka yi. Rabi 'yata ce, ni na yi mata kitson fari. Amma kai ma, Sani, kana motsi a cikina. Na zaɓa, da idona biyu, ba kuskuren baki ba ne. Na gaya masa komai: raƙuman Arzika, rijiya, masallaci, da Juma'ar gobe.

Ya saurara har na gama. Daga baya ya ce, "Tashi ki koma, kak ki yi yamma. Kak ki hwaɗa mai kin zo."

Ranar Juma'a bayan la'asar maza suka cika ƙofar gidan maigari. Mu mata muna bayan darni muna leƙe, Inna tana gefena da sandarta, Rabi tana bayanmu. Babanku yana tsakiya shi kaɗai a kan tabarma. Maigari ya tambaye shi cikin lalama, liman ya tambaye shi, Arzika ya miƙe yana nuna shi da yatsa.

"Mun san ka tun kana tsirara. Wa kaka yawo da shi bayan dutsi? Hwaɗi sunanai!"

"Ban kai kowa ƙara ba," in ji babanku. "Sunan kau, na yi rantsuwa."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Maigari ya gyara zama zai yanke magana, sai yara suka taho a guje daga bakin gari suna ihu. A bayansu ga shi nan tafe a ƙasa, hular kwano a ka, gilashi a rufe, safar hannu, takalman soja, yana jan ƙafa yana dogara sanda da hannu biyu. Tun safe ya taso, ya ratso fakon nan duka da ƙafafun da ba sa jin dutse. Maza suka miƙe, wasu suka ja baya, na ga wani ya tura carbinsa aljihu kamar shi ma kayan fasa-ƙwauri ne. Ya zo har tsakiya ya tsaya kusa da babanku. Babanku ya rufe fuska da tafin hannu.

"Tuɓe kwanon ga mu gan ka!" in ji Arzika, amma muryarsa ta ragu.

Mutumin ya ɗaga hannuwa zuwa haɓarsa, inda maɗaurin hular yake. Ya yi ta ƙoƙari. Yatsun safar suna lanƙwashewa, ba komai a cikinsu. Kowa yana kallo, ba wanda ya matsa. Daga cikin hular murya ta fito a daƙushe:

"Ba ni iyawa. Wani shi taimake ni."

Ban ga lokacin da Inna ta bar gefena ba. Sai dai na gan ta ta zagaya darni, ta ratsa cikin maza ba sallama, sandarta ta faɗi ba ta waiga ba. Ta tsaya a gabansa, ita gajeruwa, shi dogo, ta miƙa hannu ta lalubi maɗaurin ta kwance, ta ɗaga hular da hannu biyu ta ajiye a ƙasa. Jama'a suka ga fuskar. Waɗanda suka matso don ganin ɗan rahoto suka ja tabarminsu baya don ganin kuturu, na ji ƙarar jan tabarmin har yau tana kunnena. Inna ba ta ja ba. Ta kama fuskar nan da tafukanta, a gaban maigari da liman da duk garin, ta ce:

"Nomau."

Babanku ya ce tun da aka haife shi, ranar ya fara jin sunan a bakinta.

Da aka kawo shi gida aka zare takalman, jini ne a ciki har ya jiƙa tsumman, shi bai sani ba. Aka yi masa ɗaki a ƙarshen gida, Inna ta hana kowa yi masa tuwo sai ita. Ba wanda ya zo ya ba babanku haƙuri, mutanenmu ba su iya wannan ba. Sai dai washegari mahauci ya aiko da fata, a masallaci kuma sahu ya haɗe. Wanda ya kai rahoton raƙuman Arzika har yau ba a sani ba, ina da wanda nake zargi, amma ya mutu, na bar shi da Allah. Babanku ya gane ni ce na je, ya ga tafasar da ban ɗebo ba. Ya daina yi mini magana sai ta dole har aka yanke hatsi. Hular kuwa bai ƙara ɓoye ta ba. Ya koma goya wansa ta tsakiyar kasuwa, fuska a buɗe, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani, ko mutum yana so ko ba ya so.

Kafin mako ya zagayo tsofaffin gidan Arzika suka zo karɓar kaya. Sun yi ladabi, sun ce ba ƙiyayya ba ce, jini suke tsoro. Rabi ta fito da kayan da kanta ta jera musu a tsakar gida, ba ta zubar da hawaye a gabansu ba. Ba ta taɓa jin haushin ubanta ba, ita ke wanke masa ƙafa. Ni ta riƙe. Da yamma ta same ni a madafa ta tsaya a kaina.

"Da kin yi shiru har a yanke hatsi."

Ta juya ta fita. Daga baya ta auri wani manomi a Azarori, mutumin kirki, ta haifi 'ya'yanta lafiya, suka haifi nasu lafiya. Tana zuwa gida, tana gaishe ni har ƙasa, tana kawo mini albasa. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara ce mini Inna ba, matar Baba take cewa. Duk lokacin da ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina, kuma ban taɓa cewa ta daina ba.

Babanku ya yi shekaru yana goya wansa, ƙirji a jikin baya, gumi yana haɗuwa, ya mutu da tsufansa da yatsunsa cif. Likita ya faɗa tun a lokacin cewa ba a gadon ciwon nan, mutanen Arzika ba su ji ba, su ba su yi lakwal ba. Ku kun yi. Sani, ranar sunanka ƙofar gida ta cika har aka aro tabarmi daga masallaci, liman ya raɗa maka suna, gari duka ya shafa fatiha. Da auren Rabi aka tara maka mutanen nan.

Yaron zai zo gaisuwa ranar Juma'a. An ce da moto zai zo, kuma yana sa hular kwano. In ya tuɓe ta, ku ba shi hannu.